Wai mutum zai iya kamuwa da cututtukan sauro biyu a lokaci guda?

Abban_Husna:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Ƙanena yana karatu a Indiya, zazzaɓi ya kayar da shi, abokansa suka kai shi asibiti. Da sakamakon gwaji ya fito sai aka ce yana ɗauke da denge da wata cuta wai ita cikungunya, duka biyun, kuma wai duk sauro ne ya kawo su. Hankalin Hajiyarmu ya tashi sosai. Ni abin bai kwanta min ba. Ta yaya cuta biyu za su haɗu a jikin mutum daga cizon sauro? Ko dai sun ga baƙo ne suna neman tatsar kuɗinsa? Wanda ya sani ya taimaka mana.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. A lallashi Hajiya don Allah.

Sarkin_Yaƙin_Fagge:
Malam, kuɗi kawai suke nema. Tun muna yara cutar sauro ɗaya muka sani, maleriya. A sha maganinta a tashi. Waɗannan sunayen duk sababbin hanyoyin cin kasuwa ne.

Likita_Bintu:
@Abban_Husna Allah ya ƙara sauƙi. Abin da aka gaya muku yana faruwa, kuma a Indiya ba baƙon abu ba ne, don cututtukan biyu suna tashi tare a lokacin damina. Dalilin shi ne sauro iri ɗaya ne ke ɗaukarsu. Sunansa Aedes, baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu da jiki. Shi ke yaɗa denge, shi ke yaɗa cikungunya, shi ke yaɗa Zika da zazzaɓin shawara. To unguwar da ake fama da biyu daga ciki, sauro ɗaya zai iya cizonka yau ya bar maka wannan, wani ya cije ka jibi ya bar maka waccan. Kafin ta farkon ta bayyana ta biyun ta shiga, tunda kowacce tana ɗaukar kwanaki kafin zazzaɓi ya fito.

@Sarkin_Yaƙin_Fagge ka yi haƙuri Malam, maleriya daban ce gaba ɗaya. Sauronta Anopheles ne, mai cizon dare, kuma ƙwayarta ba bairos ba ce, wato ba irin ƙwayar da ke kawo denge da cikungunya ba. Shi ya sa maganin maleriya ba ya taɓa waɗannan ko kaɗan.

Ɗan_Kasala:
Ni a Sudan aka haife ni, a Kasala, iyayenmu Hausawa ne. A 2018 cikungunya ta shigo garinmu, mu a can kankasha muke ce mata. Wallahi gida guda sai ka tarar kowa a kwance, babu mai ba wani ruwa. Ciwon a gaɓoɓi yake, wuyan hannu da idon sawu da yatsu. Na ga ƙato majiyi ƙarfi ya kasa buɗe murfin jarka. Mahaifiyata a zaune ta riƙa sallah har bayan zazzaɓin ya wuce da watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum sama da 13,000 cikin 'yan watanni, kusan dukansu a jiharmu. Daga baya likitoci suka bi jinin wasu da aka kwantar, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na masu kankasha suna ɗauke da denge ma, wasu kuma har da maleriya a kai. Don haka Abban Husna, kada ka zargi asibitin. Ka gode Allah an kai shi inda ake gwada biyun.

Sarkin_Yaƙin_Fagge:
To wannan ai Sudan da Indiya ne. Mu nan ina muka ga denge?

Basakkwace_Na_Asali:
A garinmu ka gan ta. A watan Nuwamban 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta sanar da ɓarkewar denge a Sakkwato, an tabbatar da mutum 13, mafi yawan waɗanda ake zargi a Sakkwato ta Kudu. Kafin sanarwar kowa cewa yake wata maleriya ce mai taurin kai ta shigo gari, a yi allura a gama zazzaɓi na nan.

Mai_Duban_Jini:
Bari in sa baki, aikina ke nan, a ɗakin gwaje-gwaje nake. Denge ta daɗe a ƙasar nan. Tun shekarun 1960 aka ware ƙwayarta daga jinin masu zazzaɓi a Ibadan. Zika ma an same ta a jikin mutum a Najeriya tun 1968, shekara ashirin da ɗaya bayan gano ta a dajin Zika na Uganda. A Jami'ar Maiduguri, Farfesa Marycelin Baba da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2013 kan jinin mutanen da aka ɗauka maleriya ko taifod ke damunsu, suka tarar da alamun waɗannan ƙwayoyin bairos na sauro, kuma da yawa fiye da iri ɗaya a jikin mutum guda.

Matsalarmu ita ce abin da ba a nema ba, ba a ganinsa. Takardar da ake turo mana kullum abu biyu ne a kai: maleriya da Widal, wato gwajin taifod. Idan maleriya ta nuna, shi ke nan an rufe magana. Alhali a wurin da maleriya ta yi yawa mutum zai iya yawo da ƙwayarta a jini ba tare da ita ce ta kwantar da shi ba. Shi kuma Widal, ranar da na ga an daina dogaro da shi shi kaɗai zan yi farin ciki, don yana nuna taifod a jikin wanda ba shi da ita.

Ummu_Sudais:
Wannan magana ta taɓa ni. Bara 'yata ta yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, tana cewa bayan idonta ke mata ciwo, ga wasu ƙananan jajayen ƙuraje a hannu da ƙirji. Aka ce maleriya da taifod. Mun sha magani mun yi allurai, sai da ta gama wahalarta ta tashi don kanta. Har yau zuciyata ba ta yarda abin da aka ce shi ne ba.

Likita_Bintu:
@Ummu_Sudais ba zan iya yanke miki hukunci daga nan ba, amma ciwon bayan ido da ƙuraje suna cikin abin da ke sa mu tuna da denge. Alhamdu lillahi da ta tashi.

Injiniya_Sabo:
Likita, kin ce sauro biyu ne ke cizon mutum a jere. Shin sauro ɗaya zai iya ɗaukar biyun a cikinsa ya zuba su a cizo guda?

Malam_Nazari:
@Injiniya_Sabo zai iya. A Gabon a 2007 cikungunya da denge sun tashi tare a babban birnin ƙasar da garuruwan arewacinta, aka samu mutanen da ke ɗauke da biyun. A shekarun da suka biyo baya masu binciken sun kama sauro a waje, ba a ɗakin gwaji ba, da ƙwayoyin biyu a jikinsa. Da suka koma kan tsofaffin samfuran jinin 2007 ɗin sai ga Zika ma a ciki, wato uku ke yawo a gari lokaci ɗaya ba wanda ya sani. A 2017 kuma masana a wata jami'ar jihar Colorado ta Amurka sun shayar da sauro jini mai ɗauke da ukun, suka ga ukun sun iso yawunsa. Amma a ganina hanyar da Likita ta faɗa ta fi yawa, don wannan sauron ba ya cika cikinsa a jikin mutum ɗaya. Da ka motsa ya tashi ya sauka a kan na kusa da kai.

Mai_Duban_Jini:
Ƙarin bayani kan abin da na rubuta ɗazu, don kada a ɗauke shi fiye da yadda yake. Gwaji iri biyu ne. Akwai mai neman ƙwayar cutar kanta, kamar PCR, ko NS1 na denge da ake yi a kwanakin farko. Akwai kuma mai neman sawun da cutar ta bari a garkuwar jiki. Na biyun yana iya ruɗarwa, don denge da Zika da shawara dangi ɗaya ne, sawunsu yana kama da juna, har wanda aka yi wa rigakafin shawara gwajinsa zai iya nuna kamar denge. Sannan sawu yana daɗewa bayan an warke. Cikungunya ita ba danginsu ba ce. @Abban_Husna ka tambayi ƙanenka wane gwaji aka yi masa, a kuma kwana na nawa na zazzaɓin.

Abban_Husna:
Na tambaya. Ya ce PCR ne, kuma da wuri aka yi. Sun hana shi duk wani maganin ciwo sai farasitamol, ga shi gaɓoɓinsa kamar za su ɓalle. Kullum kuma sai sun ɗebi jininsa. Wannan ma daidai ne?

Likita_Bintu:
Daidai ne ƙwarai, kuma nan ne haɗuwar biyun ke da hatsari. Ina roƙon kowa ya karanta wannan da kyau. Cikungunya tana sa ciwon gaɓoɓin da zai sa mutum ya nemi dikilofenak ko ibufurofen ko asfirin. Ita kuma denge tana rage ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini, tana kuma sa ruwan jini ya riƙa tsiyaya daga jijiyoyi. Idan ka ɗora waɗannan magunguna a kan denge, ka buɗe ƙofar zubar jini a ciki. Shi ya sa ƙa'idar ita ce duk wanda ake zargin cikungunya a wurin da denge take, a riƙe shi kamar mai denge har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ɗiban jinin kullum kuma don a ga ko ƙwayoyin suna sauka ne, da ko jinin yana yin kauri.

Abu na biyu: lokacin da ya fi hatsari a denge shi ne sa'ad da zazzaɓin ya sauka, kwana ɗaya zuwa biyu bayan nan. Mutane na cewa an samu sauƙi, sai a sake jiki. Idan aka ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo, jini a dasashi, baƙin bayan gida, sanyin hannu da ƙafa, ko mutum ya kasa zama wuri ɗaya ko ya yi laushi sosai, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Babu maganin da ke kashe ƙwayar kai tsaye. Ruwa ne, da sa ido, da ƙarin ruwa bisa lissafi.

Alhaji_Mai_Kemis:
Likita, na ji, amma a riƙa yi mana adalci. Mutum zai shigo shagona yana ɗingishi, ya ce a ba shi na ciwon jiki mai ƙarfi. Na ce ya je gwaji, ya ce kuɗin gwajin ya fi abin da ya samu yau. Na hana shi, ya tsallaka shagon gaba. Kuma wane gwajin zan tura shi? A unguwarmu kaf babu inda ake gwajin denge.

Nas_Rabi:
Alhaji, ba wanda ya ce laifinku ne ku kaɗai. Amma abu ɗaya yana hannunka: mai zazzaɓi sabo, ka ba shi farasitamol da gishirin ORS, ka riƙe allurar dikilofenak ɗin. Wannan ba ya bukatar wani gwaji. Na karɓi matasa a ɗakin gaggawa suna aman jini, ka tambaya ka ji an haɗa musu magungunan ciwo kala-kala a leda ɗaya.

Alhaji_Mai_Kemis:
Wannan kam na karɓa, Anti.

Kaka_Ta_Gidan_Liman:
'Ya'yana, mu dai da surace muka tashi, ganyen darbejiya da tazargade. Jikata ta ce a intanet ana cewa ruwan ganyen gwanda yana warkar da wannan dengen. Gaskiya ne?

Likita_Bintu:
Kaka, barka da war haka. A Asiya mutane na sha sosai, amma ba ya cikin maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Abin da nake tsoro shi ne a tsaya dakan ganye a gida har lokacin zuwa asibiti ya wuce. Surace kuma yana sa gumi, mai denge kuwa ruwan jikinsa ake tattali.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan wadda ta girgiza mu ita ce ta 2016 a jihar Tawa, wajen Cintabaraden, zazzaɓin Rift Valley. Dabbobi suka yi ta ɓari suna mutuwa, makiyaya sama da 30 suka rasu. Ita ma sauro na ɗaukarta, kodayake mutane sun fi kamuwa ta hanyar taɓa jini da naman dabbar da ta kamu. Na kawo ta ne don a san cututtukan sauro sun fi waɗanda aka lissafa. Kuma maƙwabtanmu Burkina Faso a 2023 denge ta kashe musu mutum sama da 700, mafi yawa a Wagadugu da Bobo, a shekarar kuma cikungunya ta ɓulla a garin Pouytenga. Motoci kullum suna zirga-zirga tsakaninmu.

Abeshe_Gida:
Haka muke a Cadi. Garinmu Abeshe cikungunya ta kwantar da mutum sama da 27,000 a daminar 2020, sai ga denge a watan Agustan 2023, gari ɗaya, sauro ɗaya. Mu ruwa ke mana wuya, kowane gida da duro da randuna a cike. Ba za ka ce wa mace ta zubar da ruwan da ta saya da kuɗinta ba.

Tsohon_Duba_Gari:
Yauwa, an zo wurina. Na yi aikin duba-gari har na yi ritaya, kuma abin da ɗan'uwa na Abeshe ya faɗa shi ne gaskiyar lamarin. Mutane na zaton duk sauro daga kwata yake fitowa. Wannan mai ratsin farin ruwa mai kyau yake so, kuma a cikin gida: randa, duro, tankin da murfinsa ya fashe, kaskon ruwan kaji, gwangwanin da aka yar a bayan ɗaki, tsohuwar taya a kan rufi. Ba a kan ruwan yake zuba ƙwai ba, a jikin mazubin yake manna su, dab da saman ruwa. Ƙwan zai bushe ya yi watanni bai mutu ba, ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Don haka juye ruwa kawai bai isa ba, sai an sa soso an dirje cikin randar. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa kwana goma, shi ya sa muke cewa duk mako. Ba a ce a zubar da ruwa ba, a yi amfani da shi, a wanke mazubin, a rufe da murfi mai kamawa ko a ɗaure bakin da kyalle. A leƙa randa da tocila, idan an ga wasu 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, to su ne.

A zamaninmu gida-gida muke shiga muna buɗe randuna. Mata na jin haushinmu, amma ana yi.

Garba_Mai_Faci:
Baba, kun sa na kalli tayoyin da ke jibge a bakin shagona. Da damina kowacce da ruwa a ciki.

Malam_Nazari:
@Garba_Mai_Faci ka huda su ko ka sa su ƙarƙashin rumfa. Ɗan'uwan wannan sauron, Aedes albopictus, asalinsa ɗan Asiya ne, cinikin tsofaffin tayoyi ne ya yaɗa shi duniya. A 1991 aka fara ganinsa a Najeriya, a jihar Delta. Shi ne ma ya yi ɓarnar Gabon da na ambata.

Maman_Ilham:
To mu da muke kwana cikin gidan sauro, ba mu tsira ba ke nan?

Nas_Rabi:
Ki ci gaba da kwana a ciki, yana tare maleriya. Sai dai shi wannan da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma la'asar sakaliya, lokacin da yara ke tsakar gida ko islamiyya. Jariri mai barcin rana a sa shi a gidan sauro. Marar lafiya ma haka, don kada sauro ya cije shi ya kai wa sauran 'yan gida.

Ungozoma_Hajara:
Ni Zika ce ke tsaya min a rai. Sau da yawa ba ta ma kwantar da mutum, amma abin da ta yi wa jarirai a Barazil a 2015 da 2016, ana haifarsu da ƙaramin kai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2016. A Kolombiya an samu mai juna biyu ɗauke da ukun gaba ɗaya. Idan likita ya ga denge ya tsaya nan, ta Zikar ta wuce ba a bibiyi cikin ba. Mai ciki da zazzaɓi da ƙuraje ko jan ido, don Allah kada ta tsaya a kemis.

Injiniya_Sabo:
Mu koma kan tambayar farko. Wanda ya kamu da biyu, ciwonsa ninki biyu ne?

Malam_Nazari:
Ba lallai ba. A Gabon waɗanda suka haɗa biyun ba su fi sauran jigata ba. Abin da aka fi tabbatarwa yana ƙara hatsari shi ne kamuwa da denge karo na biyu. Iri huɗu ce, wanda ya warke daga ɗaya ya samu kariya daga ita, amma idan wata irin ta kama shi daga baya ta fi yiwuwar yin tsanani.

Likita_Bintu:
Malam, a takarda haka ne, amma ni ba zan ce wa iyali su kwantar da hankali don wannan ba. Akwai rahotanni daga Indiya da Kudancin Amurka na waɗanda suka haɗa biyun suka jigata sosai. Kuma tsoho mai ciwon suga ko hawan jini, ko jariri, ko wanda maleriya ta riga ta shanye masa jini, ba ɗaya suke da saurayi mai ƙarfi ba. @Abban_Husna ka gaya wa ƙanenka ya adana takardar sakamakon nan, duk likitan da zai gani nan gaba ya san ya taɓa yin denge.

Sarkin_Yaƙin_Fagge:
Na ji bayananku. Amma har yanzu ina ganin maleriya ce ke kashe mana yara, ita ya kamata a sa wa kuɗi, ba cutar da ta kama mutum 13 ba.

Mai_Duban_Jini:
Maleriya ce babba, ba musu. Amma 13 ɗin waɗanda aka gwada ne aka tabbatar. A 2024 an kai rahoton masu denge sama da miliyan 14 a duniya, mafi yawa daga ƙasashen da ke gwaji. Sannan duk maganin maleriyar da aka ba wanda ba ita ke damunsa ba, asara ce daga kuɗin maleriyar da kake magana.

Bauchi_Ta_Yakubu:
Ba a yi maganar rigakafi ba. A cikin huɗun nan shawara ce ke da allura a asibitocinmu, kyauta, ana yi wa yaro a wata tara, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mu mun ga abin da ta yi a Alkaleri a 2019, wajen Yankari. Wanda bai yi wa yaransa ba ya kai su.

Ummu_Sudais:
Ta dengen fa, babu?

Malam_Nazari:
Akwai Qdenga, an ba da shawarar yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da cutar ta yi katutu, Barazil ta fara yi a 2024. Ba ta cikin jerin rigakafin yara na Najeriya. Kuma kafin wata hukuma ta sayo ta sai an nuna mata alƙaluman masu cutar, wanda ya sake maido mu kan gwaji.

Alhaji_Mai_Kemis:
To ni tambayata ga Mai_Duban_Jini: shi wannan NS1 ɗin, irin na tsinken gwajin maleriya ne da ake ɗiga jini a jira? Idan haka ne, me zai hana a kai shi ƙananan asibitocin unguwa, ko da daga Agusta zuwa Nuwamba ne kawai? Mu masu kemis muna da ƙungiya, za mu iya kai maganar gaban hukumar lafiya ta jiha idan wani cikinku zai raka mu da bayani.